Martani Ga Mai Cewa Kason Rabuwa Ya Wadatar

Wani malamin kimiyya, wanda rubutunsa ya nuna ya daɗe a fagen karantarwa, ya fitar da maƙala kwanan baya a kan yadda ya dace a koyar da babin asid a makarantun sakandare, kuma da yake maganar ta shafi abin da za a dasa a zukatan yara masu yawa, na ga bai kamata a bar ta ta wuce ba a auna ta ba. Abin da Malam ya tafi a kai, in na taƙaita shi da harshena, shi ne cewa kason rabuwa, wato adadin ƙwayoyin asid da ake samu a rabe cikin kowane ɗari idan an zuba su a ruwa, ya isa ya zama ma'aunin ƙarfin asid da rauninsa. Cewa tsayayyen adadin nan da masana suke yi wa alama da Kₐ nauyi ne kawai da aka ɗora wa yara, mai tarin sifili da ke firgita su tun ba su fara ba. Kuma in jarrabawa ta tilasta a fitar da shi, to, a ba su gajeriyar ƙa'ida su hardace, su ninka kauri da murabba'in kaso su wuce, ba sai an ɓata darasi guda ana bayanin asalinta ba.

Ba ni da shakka a kan kyawun niyyar Malam, Allah ya saka masa da alheri. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji cike da yara, a makarantar da kayan gwaji suka yi ƙaranci, ga manhaja tana kora shi, ya san abin da ke karkata zuciyar malami ga sauƙaƙawa, sauƙaƙawa kuwa abar yabo ce matuƙar ba ta taɓa asalin mas'ala ba. Ya kuma yi daidai da ya ce kaso shi ne abin da hankali ke fara kamawa, kuma shi ne mafi kusa da abin da ake aunawa da hannu. Inda muka saɓa shi ne ɗaukar da ya yi wa kaso a matsayin sifar asid ta zati, alhali kuwa hali ne mai sauyawa, irin wanda malaman manɗiƙi suke kira aradi, yana tashi yana sauka gwargwadon yawan ruwan da aka sirka da kuma abin da asid ya tarar a cikin ruwan. Wannan ba saɓanin ra'ayi ba ne da za a ce kowa ya riƙe nasa. Mas'ala ce da lissafi ke yanke hukunci a kanta, don haka da lissafi zan zo.

Asid mai ƙarfi, irin haidirokulorik da ke cikin tumbin ɗan Adam, idan ya shiga ruwa kusan dukkan ƙwayoyinsa rabuwa suke yi, kowace ta saki haidirojin ɗinta mai ɗauke da cajin lantarki, wanda ake kira ayon, ta bar ragowarta ita ma da caji kishiyar na farko. Rarraunan asid kuwa, irin asetik wanda shi ne tsamin ruwan khal, kaɗan ne daga cikin ƙwayoyinsa ake samu a rabe a kowane lokaci; ba kuma wai wasu ƙwayoyi ne na musamman suka rabu sauran suka ƙi ba, a'a, rabuwa da haɗuwa suna gudana ba tsayawa, wasu na tsinkewa wasu na komawa, har saurin wannan ya yi daidai da saurin wancan, sai adadin ya tsaya wuri guda alhali aikin bai tsaya ba. Mutanen Norwe guda biyu, Guldberg da Waage, su ne suka tsara ƙa'idar irin wannan daidaito a 1864, kuma daga gare ta aka samo Kₐ, wanda ma'anarsa ba ta wuce wannan ba: ka ninka kaurin ayon na haidirojin da kaurin ayon ɗin da suka rabu tare, sa'an nan ka raba da kaurin abin da ya saura bai rabu ba. Kauri a nan shi ne adadin mol, wato ma'aunin yawan ƙwayoyi, a cikin lita guda.

To, ga lissafin da Malam yake so a sauke wa yara, domin mai karatu ya duba da kansa ko ya kai a ji tsoronsa. A ɗauki asid asetik mai kaurin mol 0.10 a lita, a zafin digiri 25, inda awo ya nuna kashi 1.33 cikin ɗari ne suke a rabe. Kashi 1.33 na 0.10 shi ne 0.00133, wannan shi ne kaurin ayon na haidirojin. Tun da kuwa kowace ƙwaya da ta rabu tana haifar da ayon biyu, ɗaya daga kowane jinsi, kaurin ɗan'uwansa ma 0.00133 ne. Abin da ya saura bai rabu ba shi ne 0.10 a debe 0.00133, wato 0.09867. Ka ninka 0.00133 da kansa, ka samu 0.00000177, ka raba da 0.09867, sai ga 0.000018, wanda ake rubutawa 1.8 × 10⁻⁵. Ninkawa biyu ke nan, da debewa ɗaya, da rabawa ɗaya, kuma babu matakin da ba ya tsaye a kan wani dalili da yaro zai iya faɗa da bakinsa in an tambaye shi. In aka mai da shi haruffa, aka kira kauri C aka kira rabon da ya rabu α, sai ya zama Kₐ = Cα² / (1 − α).

Yanzu a sirka wannan ruwa har kaurinsa ya ragu ninki goma, ya koma 0.010. Asid ɗin shi ne dai, zafin shi ne dai, amma kason rabuwa ya tashi zuwa 4.15. A ƙara sirkawa zuwa 0.001, kaso ya kai 12.5, a ƙara zuwa 0.0001, ya kai wajen 34. A ɗaya gefen kuma, in aka kaurara shi ya kai mol ɗaya a lita, kason zai faɗi ƙasa da rabin kashi ɗaya, kamar yadda yake a cikin khal ɗin kasuwa, wanda kashi biyar da ake rubutawa a kwalbarsa nauyin asid ne a cikin ruwa, ba shi da alaƙa da rabuwa. Ina so Malam ya dubi waɗannan adadai ya gaya mana wanne ne ƙarfin asid asetik a cikinsu, 0.4 ne, ko 1.33, ko 12.5, ko 34, domin dukkansu gaskiya ne, dukkansu kuma na abu ɗaya ne. Amma in aka bi kowannensu da lissafin da ya gabata, sai a ga abin da ya sa masana suka riƙe Kₐ: 0.000415 a ninka da kansa a raba da 0.009585 ya ba da 0.000018, 0.000125 a ninka da kansa a raba da 0.000875 ya sake ba da 0.000018. Kaso ya yi tafiya mai nisa, wannan adadi kuwa yana nan inda aka bar shi, kuma abin da ke tabbata bayan yanayi ya sauya shi ya cancanci a jingina wa asid a ce sifarsa ce.

Illar rikita waɗannan biyu ba ta tsaya ga ƙa'ida a takarda ba. Akwai asid fomik, wanda aka fara samowa daga tururuwa, Kₐ ɗinsa 1.8 × 10⁻⁴ ne, wato ya ninka na asetik sau goma. In aka auna fomik a kaurin 0.10 aka auna asetik a kaurin 0.010, kason rabuwarsu ɗaya zai fito, wajen kashi huɗu cikin ɗari, sai ɗalibin da aka koya masa cewa kaso ne ma'auni ya yanke hukuncin cewa ƙarfinsu ɗaya. In kuwa aka ba shi asetik a kaurin 0.001 mai kashi 12.5, zai juya gaskiya gaba ɗaya ya ce asetik ya fi fomik ƙarfi sau uku, kuma ba za a zarge shi ba, tun da ya bi abin da aka karantar da shi sau da ƙafa. Abin da ya fi wannan muni, zai fita daga aji da imanin cewa ƙara wa khal ruwa ƙara masa ƙarfi ne, alhali harshensa yana shaida masa akasin haka. Gaskiyar magana ita ce, yayin da kaso ke hawa daga 1.33 zuwa 4.15 zuwa 12.5, kaurin ayon na haidirojin, wanda shi ne ainihin tsami, yana sauka daga 0.00133 zuwa 0.000415 zuwa 0.000125. Yaron da aka bari da saɓani tsakanin abin da littafi ya faɗa da abin da ya ɗanɗana, ɗayan biyu zai yi, ko ya daina yarda da littafin ko ya daina tambaya, kuma kowanne hasara ne.

Dalilin hawan kaso idan an sirka ba ɓoyayye ba ne, kuma yana daga cikin abubuwan da ke faranta ran ɗalibi in aka bayyana masa. Ƙwayar da za ta rabu ba ta buƙatar komai sai ruwa, shi kuwa yana kewaye da ita ko da yaushe. Amma komawa ba ta yiwuwa sai ayon biyu sun gamu, kuma gwargwadon yalwar ruwa gwargwadon wuyar gamuwarsu. Saboda haka sirki yana rage saurin komawa fiye da yadda yake rage saurin rabuwa, sai ƙwayoyi su ci gaba da tsinkewa har daidaito ya sake tsayuwa a kaso mafi girma.

Na san amsar da Malam zai iya kawowa, ita ce a tsayar da kauri guda, a ce 0.10, a auna kowane asid a kansa, sai kaso ya zama ma'auni mai adalci. Wannan gyara ne mai ma'ana, kuma lalle zai jera asid bisa tsarin da ya dace, mai ƙarfi a gaba rarrauna a baya. Sai dai shigar da sharaɗin kauri shi kansa iƙirari ne cewa kaso ba ya tsayawa shi kaɗai, sa'an nan ko da sharaɗin ya cika ba ya faɗin tazarar da ke tsakani. A kaurin 0.10 fomik yana da kashi huɗu da ɗan kai, asetik yana da 1.33, sai a zaci fifikon ninki uku ne, alhali ninki goma ne. Asid kuloro-asetik, wanda bai bambanta da asetik ba sai da zarrar kulorin guda da ta maye gurbin haidirojin guda, yana rabuwa da wajen kashi 11 a wannan kauri, wato kamar ninki takwas a ido, alhali Kₐ ɗinsa 1.4 × 10⁻³ ne, kusan ninki tamanin. Mai son ya gane yadda ginin ƙwaya ke sarrafa ɗabi'arta, ninki tamanin ɗin nan yake nema, domin shi ne haƙiƙanin tasirin kulorin.

Ban da haka, ruwan duniya ba ya zuwa a kaurin da muka zaɓa, kuma ba kasafai asid ke zama shi kaɗai a cikinsa ba. In aka zuba gishirin sodiyam asiteti mai kaurin 0.10 a cikin wancan ruwan asetik na farko mai kashi 1.33, kauri bai sauya ba, asid bai sauya ba, amma kason rabuwa zai ruguzo daga 1.33 zuwa 0.018, saboda ayon na haidirojin yanzu yana tarar da abokan komawa a ko'ina. Teburin kaso, kome tsawonsa, ba zai sanar da kai wannan ba. Kₐ kuwa a layi guda zai fitar da shi. Haka nan maganin asfirin, wanda rarraunan asid ne mai Kₐ wajen 3 × 10⁻⁴: a cikin tumbi, inda ma'aunin tsami na pH kan sauka zuwa 1.5, kimanin kashi ɗaya ne cikin ɗari yake a rabe, amma a cikin jini, inda pH yake 7.4, fiye da kashi 99.9 ne. Ƙwaya ɗaya, a jikin mutum ɗaya, da kaso biyu da suke kamar gabas da yamma. Tun da kuwa ƙwayar da ba ta rabu ba ta fi saurin ratsa fatar ƙwayoyin halitta, masu ilimin haɗa magunguna ba su da makawa sai sun san Kₐ domin su san inda magani zai shiga da inda zai taru. Daga cikin yaran da ke zaune gaban Malam a yau ne za a sami masu wannan aiki gobe.

Akwai kuma al'amarin da ya fi damuna a maƙalar, shi ne ɗaukar wannan lissafi kamar wani ƙarin ado da marubuta littattafai suka ƙirƙiro, alhali a tarihin ilimi shi ne hujjar da ta tsayar da da'awar rabuwa tun farko. Lokacin da Svante Arrhenius, ɗan ƙasar Suwidin, ya gabatar da kundin digirinsa a Jami'ar Uppsala a 1884, malamansa ba su ga girman abin da ya zo da shi ba, suka ba shi daraja ta ƙasa. Da ya fito da cikakkiyar nazariyyarsa a 1887, cewa gishiri da asid suna rabuwa zuwa ayon da zarar sun narke ko babu lantarkin da aka sa musu, manyan masana da yawa sun ƙi karɓa, domin babu idon da ya taɓa ganin ayon. Wilhelm Ostwald, haifaffen Riga, wanda ya yi tattaki har Uppsala don ganawa da saurayin, shi ne ya gane yadda za a jarraba maganar. Friedrich Kohlrausch ya riga ya inganta hanyar auna yadda ruwa ke ɗaukar lantarki, kuma daga wannan awo ana iya fitar da kaso: ga asetik a kaurin 0.10 awon yana ba da kimanin 5.2, alhali da dukkan ƙwayoyin sun rabu da ya ba da kimanin 390, in ka raba na farko da na biyu sai ga 0.0133, wato kashi 1.33 ɗin da muka yi aiki da shi. Ostwald ya ce in dai rabuwa gaskiya ce, kuma tana bin ƙa'idar Guldberg da Waage, to, wajibi ne Cα² / (1 − α) ya tsaya wuri guda kome sirkin da aka yi. Ya wallafa wannan a 1888 yana Leipzig, ya bi shi da awon asid fiye da ɗari biyu, adadin kuwa ya tsaya. Da bai tsaya ba da nazariyyar ta faɗi. Arrhenius ya karɓi lambar Nobel a 1903, Ostwald a 1909, kuma a 1932 ƙungiyoyi biyu a Amurka suka sake auna asetik ta hanyoyi mabambanta, MacInnes da Shedlovsky ta ɗaukar lantarki, Harned da Ehlers ta ƙarfin batir, duka suka sauka a kan 1.75 × 10⁻⁵. Wanda ya cire wannan lissafi daga darasi ya bar wa yara da'awa ya ɗauke musu dalilinta, ya mai da su masu taƙlidi a fannin da ba a gina shi a kan taƙlidi ba.

Sai gajeriyar ƙa'idar da Malam ya yi umarni a hardace, wato Kₐ = Cα², wadda aka samu ta jefar da (1 − α). Ba ƙarya ba ce, ni ma ina aiki da ita; amma matsayinta matsayin rukusa ne, kamar kasaru ga matafiyi, wadda halal ce tsantsa idan sharaɗinta ya cika, ɓarna ce kuma ga wanda yake zaune a gida. Sharaɗinta shi ne abin da ya rabu ya zama kaɗan ƙwarai har debe shi da barinsa su yi kusan ɗaya, kuma al'adar masana ita ce a tsaya a kashi biyar cikin ɗari. Abin sha'awa a nan, kuskuren da ke shiga ba sai an yi hasashensa ba, domin daidai yake da kason rabuwar kansa: a kashi 1.33 amsa tana raguwa da kashi 1.33, wanda babu mai damuwa da shi. A kashi 12.5 gajeriyar ƙa'ida tana ba da 1.56 × 10⁻⁵ a maimakon 1.8 × 10⁻⁵. A kashi 34 tana ba da 1.16 × 10⁻⁵, sulusin amsar ya tafi. Ɗalibin da ya hardace ta ba tare da sanin abin da aka jefar ba, zai auna asid guda a kauri uku ya sami adadai uku, ya kammala da cewa tsayayyen adadi ba tsayayye ba ne, wato rukusar da aka ba shi don sauƙi ta rusa masa asalin darasin. Wanda kuwa ya san cikakkiyar ƙa'ida, duban kaso sau ɗaya ya ishe shi sanin ko rukusa ta halatta.

In ma tsoron Malam shi ne juya lissafin, wato a ba da Kₐ a nemi kaso, inda mas'ala ke zama x² + Kₐx = KₐC, x kuwa shi ne kaurin ayon na haidirojin, to, wannan siga ce da Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi ya warware a Bagadaza tun ƙarni na tara, a littafinsa na aljabara, inda murabba'in abin da ake nema da wani ninkinsa suke daidai da adadi sananne; kuma yaran nan suna koyonta a darasin lissafi a makaranta ɗaya, sau da yawa a shekara ɗaya. Tarin sifili ma an daɗe da yi masa magani. Sørensen ya kawo ma'aunin pH a 1909, aka bi sawunsa aka mai da Kₐ zuwa pKₐ, sai asetik ya zama wajen 4.7, fomik 3.7, kuloro-asetik 2.9, adadai ƙanana da suka fi kaso sauƙin riƙewa, kuma kowane mataki guda a cikinsu ninki goma ne.

Ba zan ɓoye iyakokin wannan ƙa'ida ba, tun da adalci ya wajabta faɗarsu. Kₐ yana tsayawa ne a zafi guda, in zafi ya sauya shi ma yakan motsa, shi ya sa ake ambaton digiri 25. Ƙa'idar Ostwald ba ta aiki ga asid mai ƙarfi ko gishiri, abin da ya dami masana shekaru talatin da ɗoriya har Debye da Hückel suka bayyana a 1923 cewa ayon idan sun yi yawa suna jan juna suna rage wa juna kuzari. Ko ga rarraunan asid, in ruwa ya yi kauri ƙwarai adadin yakan ɗan goce saboda wannan dalili. Amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke taimakon matsayin Malam, domin kaso yana fama da dukkansu sa'an nan ya ƙara da nasa, kuma ba a gano gocewar ba sai da aka sami tsayayyen adadi da za a auna ta da shi.

Wani abu kuma da kaso kan ɓoye, Kₐ kan tilasta a tattauna shi, shi ne cewa rauni a wannan babi ba ya nufin rashin cutarwa. Asid haidirosiyanik, gubar da rogo mai ɗaci ke saki idan an gurza shi, Kₐ ɗinsa wajen 6 × 10⁻¹⁰ ne, ya fi asetik rauni kusan sau dubu talatin, amma yana kisa. A cikin gurzajjen rogo da ya yi tsami har pH ɗinsa ya kai wajen 4, lissafi na layi guda yana nuna cewa ƙwayoyi kamar shida ne kacal cikin miliyan suke a rabe, sauran duk cikakku ne, cikakkiyar ƙwayar kuwa tana tafasa a kimanin digiri 26, shi ya sa shanya da suya suke korar wadda ta riga ta fito, kuma shi ya sa ba a gaggauta su. Yaron da gidansu ke sarrafa rogo yana da haƙƙin ya san wannan daga malamin kimiyyarsa.

Abin da nake roƙon Malam da sauran abokan aikinsa bai wuce darasi guda ba, kuma ba ya buƙatar kwalba ko na'ura. A rubuta a allo kauri uku na asetik da kasonsu, 0.10 da 1.33, 0.010 da 4.15, 0.001 da 12.5, a raba aji gida uku, kowane gida ya bi matakan nan da hannunsa ba tare da an faɗa masa abin da zai samu ba, sa'an nan a kira wakilansu su rubuta amsa a jere, su ga da idonsu adadi ɗaya ya fito sau uku. Bayan haka a sa su maimaita da gajeriyar ƙa'ida, su gano da kansu gidan da ta yi wa daidai da gidan da ta cuta. A ƙarshe a ba su kaurin da ba ya cikin allo, a ce 0.050, a nemi su faɗi kasonsa kafin kowa ya auna. Wanda ya riƙe Kₐ zai ce kusan 1.9, kuma awo zai gaskata shi. In Malam yana da hanyar da za a kai ga wannan 1.9 daga kaso kaɗai, ba tare da an bi ta Kₐ a bayyane ko a ɓoye ba, ina roƙonsa ya rubuto ta, zan karanta ta da natsuwar da na karanta maƙalarsa ta farko.